A kask yana da daɗi, a waya ya lalace: ku saurara mini wannan kiɗa

Razak (Yantala):
Assalamu alaikum yayyena da ƴan'uwa. Wata uku ke nan ina fama da wannan kiɗa, yau dai na ce bari in kawo shi gabanku. Gyara nake nema, don Allah kada a ji nauyina. Da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, na yi shi a ɗakina, gudunsa 104 BPM, tsawonsa minti 3 da sakan 40. Akwai kik (bugun babbar ganga) da bas (sauti mai kauri na ƙasa) na na'ura, da piyano, da sarewa ta sintetiza, da kalangu na gaske wanda wani makaɗi maƙwabcinmu ya buga mini, sai muryar Nafisa. In na sa kask ko na kunna bafal ɗin ɗakina, har tsigar jikina ke tashi. Amma jiya da dare na kai shi fada, muka kunna a wayar abokina ana shan shayi, sai na ji kamar ba nawa ba. Bas ya ɓace, kalangu ya nutse, murya kuwa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Kowa ya ce ya yi, amma ba wanda ya ce a maimaita. Wannan shirun ne ya hana ni barci.

Ibro:
Wuta! Allah ya ƙara basira ɗan'uwa, wannan sai gaba.

Malam Isufu (Bukoki):
Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kafin in ce komai, bidiyo ka turo mai hoto a kai. WhatsApp yana matse bidiyo, sautin da ke ciki ma yana matsuwa tare da shi. Ba zan yanke wa aikinka hukunci a kan abin da ba shi ka fitar daga kwamfuta ba. Turo fayil ɗin kansa ta Document.

Razak (Yantala):
To Malam. Sai dai WAV ɗin ya kusa 39 MB, na san ba kowa ke da forfe mai yawa ba.

Malam Isufu (Bukoki):
Fitar da MP3 a 320, ba zai kai 10 MB ba. Ya ishe mu jin abin da muke son ji.

Razak (Yantala):
Ga shi nan na turo.

Malam Isufu (Bukoki):
Na saurara sau uku: da kask, da ƴar rediyon da ke shagona, da waya. Bari in fara da abin da ya yi kyau, don ka san abin da ba za ka taɓa ba. Sarewar da ke shigowa a 1:10 tana amsa wa murya kamar ƴan amshi, wannan tunani ne na mai kunne. Hutun da ka bari kafin amshi na biyu shi ma ya zauna. Waƙa kana da ita. Abin da ya rage miksaj ne, wato daidaita sautuka da juna, shi kuwa ana koyonsa.

Yanzu ga ciwon. Daga farko har ƙarshe kiɗan a shaƙe yake, ba ya numfashi. Duk lokacin da kik ya sauka ina jin wani ƙar-ƙar a bakinsa, alamar sauti ya bugi rufi ya tsage. Faɗa mini gaskiya, me da me ka ɗora a kan master, layin ƙarshe da duk sautuka ke haɗuwa?

Razak (Yantala):
Fruity Limiter da na tarar a wurin, sai Maximus, sai Soundgoodizer guda biyu. A kan bas kuma na sa Stereo Enhancer don ya cika kunne.

Bashir (Harobanda):
Na auna shi da Youlean Loudness Meter. Yana kan -5 LUFS, wato ma'aunin ƙarar waƙa, kuma ƙololuwarsa ta haura sifili. Razak, wannan ya yi yawa sosai. Spotify yana daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS, YouTube ma kusan haka. Ma'ana in ka ɗora wannan can, za su rage shi da kusan 9 dB, ƙarfin ya tafi, tsagewar ta zauna. Na buɗe shi a SPAN kuma, manhajar da ke zana sauti daga ƙasa zuwa sama, ƙasa da 100 Hz tudu ne guda, sauran kiɗan duk yana gindinsa.

Malam Isufu (Bukoki):
Bashir ya ga da ido abin da na ji da kunne. To ƙanena, cire duk waɗannan daga master, har da limita, mai danne sauti kada ya haura rufi. Sauke kowane layi ƙasa, ka fara da kik shi kaɗai, ka ɗaga sauran ɗaya bayan ɗaya, har ƙololuwar master ta tsaya wajen -6 dB. Zai yi maka kamar ba ƙarfi. Kada ka taɓa master, murɗa bolim ɗin bafal ɗinka. Soundgoodizer kuwa ba wani sabon abu ba ne, injin Maximus ne a cikinsa da maɓalli guda. Ka ga ke nan matsewa huɗu ka jera a kan juna. Tuwon da aka tuƙa sau huɗu ba ya ƙara daɗi.

Mahamadu (Tawa):
Salamu alaikum. Ni nan Tawa aikina DJ na biki da suna. Na sa wanga kiɗi ga bafal ɗina biyu yanzu da la'asar, cikin fili, ba cikin ɗaki ba. Ka gahwarce ni ƙanena, bas ɗinka ya tahi. Kik shina nan, amma bas sai wata iska-iska. Mi yas sa? Wancan Stereo Enhancer da ka ce. Kayana mono ni ka haɗa su, wato dama da hagu wuri guda, kamar mafi yawan masu sono na biki. Waya mai bafal guda ita ma mono ta. In ka buɗe bas dama da hagu suna saɓa ma juna, ranar da anka haɗe su wuri guda sai su cinye juna. Cire shi. Bas da kik da murya tsakiya su ka zama.

Bashir (Harobanda):
Gaskiyar yaya Mahamadu. Kuma kana iya gwadawa tun a ɗaki. A miksa ta FL, kan master, akwai maɓallin Stereo separation. Murɗa shi dama har ƙarshe, komai ya koma mono. Duk abin da ya ɓace a nan, zai ɓace a fada.

Razak (Yantala):
Na gwada yanzu. Wallahi bas ɗin ya ragu fiye da rabi. Na cire abin, ya dawo. Amma a waya har yanzu ba na jin sa sosai.

Malam Isufu (Bukoki):
Wannan wata matsala ce daban, kuma a nan ne nake so ka natsu. Bas ɗinka sautin sine ne tsantsa, sauti guda tilo ba wani a samansa, kuma yawancin waƙar yana zaune a kan La ta ƙasa, wato 55 Hz. Bafal ɗin waya bai fi ƙwayar gujiya ba, ba shi da jikin da zai tura iska a 55 Hz. Ko ka ɗaga shi har sama, waya ba za ta fitar ba, sai dai limita ta danne sauran kiɗan saboda shi. Abin da ya faru da kai ke nan: ka ba wa abin da ba a ji duk filin, abin da ake ji ya rasa wurin tsayawa.

Magani shi ne ka ɗan ƙona bas ɗin kaɗan, da Fruity Soft Clipper ko wani distoshan mai sauƙi. Ƙonawar tana haifar masa ƴaƴa a 110, 165, 220 da sama. Waya tana iya fitar da na saman cikinsu, kunnen mutum kuma in ya ji ƴaƴan sai ya cike uban da kansa, ya ji kamar bas na nan. Mu a rediyo da wannan muka rayu, don mun san mai sauraro ƴar rediyo mai batir ce a kunnensa cikin gona ko a kan jaki.

Sai rigimar kik da bas. Su biyun gida ɗaya suke nema, tsakanin 50 da 100 Hz. Dole ɗaya ya kauce wa ɗaya. Zaɓi layin kik, danna dama a kan kibiyar da ke ƙasan layin bas, ka zaɓi Sidechain to this track. Sa Fruity Limiter a kan bas, ka mai da shi COMP. Duk saukar kik bas ya ɗan durƙusa, 3 ko 4 dB, ya miƙe. Kada ka yi har a ji yana haki, kiɗanka ba irin na kulob ɗin Turai ba ne.

Laminu:
Ni dai gaskiya ɗaya zan faɗa, ko za a ji haushi. Kiɗan ɗaki kiɗan ɗaki ne. Duk wannan lissafi ba zai mai da ɗakin Yantala situdiyo ba. Ka tara kuɗinka ka kai wa masu kayan aiki, ka huta.

Razak (Yantala):
Yaya Laminu na taɓa yi. Bara na kai wata waƙa wani situdiyo nan Yamai, na biya kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa. Cikin awa ɗaya aka miƙo mini, an ɗora wani shiri da ake ɗora wa kowa, ko kalmomin waƙar ba a tambaye ni ba. Da na ce murya ta nutse, aka ce in ƙara kuɗi. Tun ranar na ce sai na koya da hannuna.

Malam Isufu (Bukoki):
Laminu ɗan'uwa, akwai situdiyo na ƙwarai a garin nan, kuma in waƙa ta kai a yi mata mastarin wurin gwani, ni ma zan ce a kai. Amma kada mu karya wa yaro gwiwa da zancen kaya. Mamman Sani a nan Yamai ya ɗauki kaset ɗinsa a 1978, a gidan rediyon ƙasa, da ogan guda ƙirar Italiya. Mu da muka tashi a lokacin da kiɗansa muka saba a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. A 2013 wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi, duniya ta saurara. Kwamfutar da ke gaban Razak ta fi abin da ke hannun dattijon nan a wancan lokaci nesa ba kusa ba. Abin da ya sa nasa ya rayu, kowane sauti yana da wurinsa, ba cunkoso.

Laminu:
Na ji Malam. Amma ko bafal ɗin situdiyo ai ya saya.

Bashir (Harobanda):
A nan ina tare da yaya Laminu. Razak da wane bafal kake aiki?

Razak (Yantala):
Wufa ce mai ƙananan bafal biyu, a Katako na saya. Ɗakin mita 3 ne da mita 4, siminti, rufin kwano. Tebur yana tsakiya saboda gado da akwati sun cinye bango. Na liƙa kwalin ƙwai a bango biyu.

Malam Isufu (Bukoki):
To ga inda ruwa ya yi tsami. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, da zafinmu ma ya ɗan fi haka. Raba 343 da ninki biyu na faɗin ɗakinka, wato 6, ka samu 57 Hz. A wannan sauti ɗakin yana kaɗawa tsakanin bango da bango: a jikin bango ya kumbura, a tsakiyar ɗaki ya mutu. Bas ɗinka 55 ne, kai kuma a tsakiya kake zaune. Ba ka jin sa, sai kake ta ƙarawa. Ka kunna bas ɗin shi kaɗai ka tashi ka je kusurwa, ka dawo ka ba mu labari.

Razak (Yantala):
Subhanallahi. A kusurwa har kwanon rufi ke rawa, a kujerata kuwa kamar an rage rabi.

Malam Isufu (Bukoki):
Ka gani. Ko bafal na miliyan aka kawo wannan ɗaki aka ajiye ka a wannan kujera, ƙaryar da zai yi maka ke nan. Matsar da tebur kusa da bangon mita 3, ka fuskanci tsawon ɗakin, kada kanka ya zauna daidai tsakiya. Kwalin ƙwai kuwa cire shi. Igiyar sautin 57 Hz ta kai mita 6, kwali mai kaurin yatsa ba ya tare ta, ƙura da kyankyaso kawai yake tarawa, ga hatsarin gobara. Tsohuwar katifa mai kauri a tsaye bayanka, da bargo mai nauyi a gefe, sun fi shi amfani. Bas kuma ka riƙa duba shi da kask da SPAN, tun da ɗakin ba shi da amana a nan.

Nafisa:
Salamu alaikum. Ni ce na yi waƙar. Ban san lissafinku ba, amma ina da magana, kuma na faɗa wa yaya Razak tun farko bai ɗauka da nauyi ba. A baiti na biyu cewa na yi na tsaya wurin kuka ina jiran ka. Kuka itace nake nufi, wadda ke bakin hanyar garinmu. Da ya gama aikinsa na kai wa innata ta ji, sai ta ce wane kuka kike yi, wa ya mutu? Na'urar gyaran murya ta ja gaɓar ƙarshe sama ta daidaita ta da ta farko, itace ya koma hawaye. Kuma amon da ya zuba a kaina ya yi yawa, ƙarshen kalmomi duk ya narke. Ni ba na ƙin otocun, na'urar gyaran muryar, amma in ba a gane abin da na ce ba, me na tsaya yi gaban mikiro?

Mahamadu (Tawa):
Madalla da ƙanwata. Wagga magana ta hi duk wadda munka yi. Mata wurin biki kalmomi su ka bi, su ka amsawa. In ba su ji baiti ba, ba su riƙe waƙa.

Malam Isufu (Bukoki):
Ƴata kin yi gaskiya, kuma ni ma da na saurara kukan hawaye na ji. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, wanda ya ƙera Auto-Tune a Amurka a 1997 ba da wannan ya yi lissafi ba. Razak, duba sikel ɗin da ka zaɓa, wato jerin sautukan da na'urar ke bi. Waƙar tana tafiya a kan sauti biyar irin namu. In ka zaɓi sikel da ba shi da sautin da ta sauka a kai, na'ura za ta ja ta zuwa mafi kusa, ko da ya ɓata kalma. Gyara sikel, sassauta saurin kamun, kuma a wannan kalma ka kashe shi gaba ɗaya. Ta rera daidai, ba ta bukatar taimako a wurin.

Rebab kuwa, wato amon da Nafisa ta ce, kada ka zuba shi kai tsaye kan murya. Buɗe masa layinsa daban ka tura kaɗan, ka yanke masa ƙasa da 300 Hz, ka ba shi jinkirin shiga na milisakan 30 ko 40 don kalma ta fita kafin amo ya biyo ta. In kana son faɗi, dile, mai maimaita sauti, ya fi tsabta. Raba milisakan 60000 na minti ɗaya da gudun kiɗanka 104, ka samu milisakan 577, rabinsa 288. Sa ɗaya daga ciki a ƙarshen layi kawai.

Akwai kuma wani zuuu siriri a ƙarƙashin muryar, ana jin sa a 0:08 kafin kiɗa ya shigo. Kuran ne, 50 Hz. Da caja a jikin kwamfuta kuka ɗauka?

Razak (Yantala):
E Malam, da fanka ma a kunne, watan Afrilu ne. Nafisa ki yi haƙuri, kin faɗa ban ji ba. Laifina ne.

Malam Isufu (Bukoki):
Wannan karon yanke murya daga 90 ko 100 Hz zuwa ƙasa, zai rage. Nan gaba cire caja ku ɗauka a kan batir, ku kashe fanka na minti biyar, ko ku yi bayan asuba kafin gari ya ɗau zafi da ƙarar babura.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, kalangu. Na san hannun makaɗi in na ji shi, wannan kuwa hannun gwani ne, amma an ɗaure shi. Ka yanka shi ka jera a kan layukan FL, ko ba haka ba?

Razak (Yantala):
Haka ne. Na ga bugunsa ba ya faɗawa daidai kan layi, wani ya riga wani ya makara, sai na gyara.

Malam Isufu (Bukoki):
Abin da ka gyara shi ne kiɗan. Mai kalangu yana matse igiyoyin da hammata, fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka. Magana yake yi, kirari yake yi, kuma yana tafiya uku-uku a kan huɗu-huɗun na'urarka. Wannan ja-in-ja tsakaninsu shi ke motsa ƙugu. Da ka yanka, ka datse jelar kowane bugu, wato daidai inda sautin ke lanƙwasa. Sai ka ɗora kwampireso, wato mai matse sauti, mai saurin kamu, ya cinye bakin bugun. Abin da ya rage ƙwanƙwasa ce kawai, wadda kowace na'ura za ta iya ba ka. In haka kake so, me ya sa ka ɗauko bawan Allah daga gidansa? Mai da ɗaukar farko yadda take. Cire kwampireso, ko ka jinkirta kamunsa zuwa milisakan 20 ko 30. Sannan hannun hagu na piyano yana zaune a kansa, yanke piyano ƙasa da 250 Hz, bas ya riga ya riƙe can.

Bashir (Harobanda):
Malam a nan ina da ja kaɗan, da girmamawa. Kiɗan na'ura ne wannan. In kalangu yana yawo, DJ ba zai iya haɗa shi da wata waƙa ba, kuma kunnen matasa ya saba da abu a kan layi.

Mahamadu (Tawa):
Bashir ni ne DJ ɗin. Kik ni ka bi in za ni haɗi, ba kalangu ba. Kik shi tsaya kan layi awa soja, kalangu shi yi yawonai. Haka anka saba ji wurin biki tun kahin a san kwamfuta.

Amma ni ma ina da ja da kai kan -14 ɗinka. Waƙar Razak ba Spotify za ta hwara zuwa ba. Kart memwar za ta shiga, da Bluetooth, da WhatsApp, da kebul na taksi da bafal na mai caji. Nan ba wanda ka daidaita komi. Waƙa ta biyo bayan ta Najeriya mai ƙarhi, taka ta zo sanyi-sanyi, yaro ya danna gaba. Mdou Moctar mai gita ɗan jiharmu na, a Sakkwato ya ɗauki kundinai Anar a 2008, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin sunka bi Sahara kahin Turawa su san sunanai. Hanyar kiɗinmu ke nan har yau.

Bashir (Harobanda):
Na yarda da hanyar, yaya. Amma ƙarfin da ya tsage ba ƙarfi ba ne. Kai kana da maɓallin ƙara bolim, ba ka da maɓallin cire tsagewa.

Mahamadu (Tawa):
Ni ina da shi. Yaron da ke fada da waya ba shi da shi, bolim ɗinai ya riga ya kai ƙarshe.

Malam Isufu (Bukoki):
Ku duka kuna da gaskiya, kowa wurin da yake kallo. Amma ku lura, abin da ke sa waƙa ta ji ƙarfi a waya tsakiyarta ne. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna cewa kunnen mutum ya fi kama sauti na wajen 2000 zuwa 5000 Hz, ya fi sakaci da na ƙasa, balle in an rage bolim. In Razak ya rage tudun bas, murya da kalangu suka fito, a -10 ma zai fi na farko ƙara a waya. Ni shawarata ya gama miksaj tukuna ba limita. Sannan ya fitar da biyu daga miksaj ɗaya: na intanet mai sarari, na kart da biki wajen -9 ko -10. Duka biyun rufin ya tsaya a -1 dB, don MP3 yana ɗan ɗaga ƙololuwa in ana matse shi.

Mahamadu (Tawa):
Ni -8 ni ka so, amma a turo in ji.

Bashir (Harobanda):
Ni kuma har yanzu ina ganin guda ɗaya mai tsabta ya isa. Mu ji dai.

Razak (Yantala):
Salamu alaikum. Kwana huɗu na yi shiru, ina kan aiki, wuta ma ta yi ta ɗaukewa. Ga na biyu. Na matsar da tebur, na cire kwali, na sauke komai na fara daga kik. Kalangu ya koma yadda aka buga shi. Na kira makaɗin ya ji, da ya kai 2:05 sai ya yi murmushi ya faɗa mini kirarin da ya buga a wurin, na gidan su Nafisa ne, ni ban ma san akwai magana a ciki ba. Na bi shawarar Malam ta aiki da bolim ƙasa-ƙasa, yadda zan iya magana da mutum ba ɗaga murya, ina hutawa bayan kowane minti arba'in. Na gwada a waya uku da rediyon mai shagon unguwarmu. Wanda na turo shi ne na kart, yana kan -10.

Nafisa:
Inna ta ji. Ta ce yanzu ta ga itacen.

Laminu:
Na saurara. Ban janye maganata kan bafal ba, amma wannan ya yi nisa da na farko. Sannu.

Malam Isufu (Bukoki):
Alhamdu lillahi, yanzu yana numfashi. Saura uku ƙanana. Da ka rage rebab, harafin s ya fito da kaifi, musamman a "tsaya" da "sannu", sa di'esa, mai rage kaifin s, wajen 6000 zuwa 7000 Hz a hankali, kada ta koma mai tsamin baki. Sarewa a 1:10 ta ɗan haura murya, sauke ta 1 dB ko 2. Ƙarshen kuma ka datse shi da wuri, bugun kalangu na ƙarshe bai gama sauka ba. Ƙara masa sakan biyu.

Mahamadu (Tawa):
Na sa shi jiya Asabar wurin wani biki nan Tawa, bayan isha'i, tsakanin waƙoƙi biyu na Kano. Ban taɓa bolim ba, kuma bai ji kunya ba. Da kalangu ya shigo shi kaɗai a 2:05 wata tsohuwa ta yi guɗa, mata sunka shiga fili. Mutum uku sunka zo da waya suna son a tura musu, na ce sai mai shi ya yarda. Abu guda: wurin kalangun gajere na, sakan takwas, suna hwara rawa ya ƙare. Yi mini wani na biki ka ninka shi sau biyu. Kuma s ɗin da Malam ya ce, ga manyan bafal tana sukar kunne ƙwarai.

Razak (Yantala):
Na gode yaya. Kada ka tura wa kowa tukuna, bari in gyara s ɗin da sarewa da ƙarshen. Wurin kalangu ba sai na ninka ba, a ɗaukar farko ya buga kusan sakan talatin, ni na yanke. Zan mai da shi duka a na bikin, in turo maka kafin Alhamis. Malam, di'esar kafin kwampireso zan sa ta ko bayansa?

Malam Isufu (Bukoki):
Gwada bayansa tukuna, don kwampireso ne ke ƙara fito da ita. In ba ta kwanta ba, mai da ita gaba ka turo mini duka biyun.